Zuwa ga 'yata mai juna biyu

Assalamu alaikum. Ya jikin, ya laulayi? Allah ya ƙara sauƙi.

'Yata, maganar magani ce ta sa na rubuto. Yawancin abin da kika haɗiya yanzu yana bin jini ya isa ga abin da ke cikinki, kuma a watanni ukun farko ne ake halittar zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa da gaɓoɓinsa. An taɓa sayar wa mata wata ƙwaya mai suna thalidomide don aman laulayi. Kafin a janye ta a 1961, an haifi yara sama da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa ko ƙafafu ba su fito daidai ba.

In ciwon kai ko na baya ya matsa, farasitamol ake yarda da shi, shi ma gwargwadon ƙa'ida. Ibuprofen da diclofenac ki bar su. Daga mako na 20 suna iya taɓa ƙodar jariri har ruwan da yake kwance ciki ya ragu.

Wanda ya fi damuna shi ne jiƙe-jiƙe. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wannan ta kawo saiwa, waccan sassaƙe a gora, ana ce miki "ai itace ne, ba ya cutarwa, mu ma shi muka sha." Don ƙauna suke yi, na sani. Amma wa ya auna ƙarfin abin da ke cikin gorar nan? Wasu itatuwan murɗa mahaifa suke, su tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye. In an matsa, ki ce ni na hana.

Kada kuma tsoro ya sa ki watsar da abin da likita ya ɗora ki a kai. Mai farfaɗiya ko asma ko hawan jini da ta daina magani gaba gaɗi ta jefa rai biyu a haɗari. Likita ne zai canza mata in da bukata. Folic acid da ƙwayar ƙarin jini ki sha kullum, ko da kin ga bayan gida ya yi baƙi, aikin ƙwayar ne.

Ranar awo ki zuba duk kwalayen da ke ɗakinki a jaka ki nuna musu. Ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani ko kumburin fuska kuwa, kada ki nemi ƙwaya, asibiti za ki nufa a take.

Ki gaida maigidan. Allah ya raba lafiya.

Mamanki