Amsa ga Malamin da ya tambaye ni game da attajiran Jos

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyo na makon jiya ka tambaye ni, a matsayina na dillalin gidaje a nan Bauchi, ko ƙyamar Kirista ce ke sa attajiran Musulmin Jos ba sa son zama sai cikin Musulmi. Lokaci ya ƙure ban amsa ba.

Tsoro ne, Malam. Kafin rikicin Satumbar 2001, aljihun mutum ne ke zaɓa masa unguwa a Jos. Da aka sake yin na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, kowa ya koma lissafin su wa za su kewaye gidansa ranar da gari ya rikice. Musulmi da yawa sun sayar da gidajensu da asara, suka matsa wajajen Rikkos da Unguwar Rogo da titin Bauchi, wasu kuma suka kwaso iyalansu zuwa nan. Kiristoci ma haka suka fice daga unguwannin Musulmi.

Kuɗi ba sa tare wannan masifa. A Ahmedabad ta Indiya, a rikicin Hindu da Musulmi na 2002, an kashe Ehsan Jafri, Musulmi tsohon ɗan majalisar tarayya, a harabar gidansa, tare da maƙwabtan da suka fake wurinsa suna zaton matsayinsa zai kare su. Bayan haka likitoci da 'yan kasuwa Musulmi suka yi ta ƙaura zuwa unguwar Juhapura.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya. Alhaji ya shigo cikin talakawa don yawansu ya zame masa garkuwa, sai ya ɗaga katanga, ya ajiye maigadi, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa sola. Kwatar layin da makarantar gwamnati, ba ruwansa. Zuwan irinsa na tayar da kuɗin fili da na haya, har a ingiza ɗan haya bakin iyakar unguwa, inda wuta ke fara tashi.

Mu kuma fa? A Bauchi mu ne masu rinjaye, ba mu da uzurin tsoro, amma masu gida sukan ce mini kada in kawo musu ɗan haya Kirista, ya nufi Yalwa, unguwar da Kiristoci ke da yawa. Duk mai gidan da ya gindaya mini wannan sharaɗi, makullinsa nake mayar masa.

Naka,
Wani dillalin gidaje, Bauchi