Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin furannin da ya binne mini okid a ƙasa

Yallaɓai Manaja, assalamu alaikum.

Sau huɗu ina kiran lambar da ke jikin rasiɗinku, na kuma tura hotuna ta WhatsApp. Amsar da na samu ɗaya ce, wai ƙila ban ba tsiron da kuka sayar mini ruwa yadda ya kamata ba. Shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a.

A watan Disamba na sayi ƙaramin okid a wajenku, wato wani tsiron ado mai fure, irin da ake kira Aerangis biloba, naira 25,000 ban da kuɗin mota. Da kaina na je Kwangila na karɓo kwalin. Ina buɗewa sai ga ɗan tsiro bai fi tafin hannuna ba, an cusa shi a tukunyar roba marar huji, an danne saiwarsa da baƙar ƙasa da takin shanu, sai ka ce yalo za a dasa. Ga kuma ɗan katinku: a ba shi ruwa safe da yamma, a ajiye shi a rana.

Laifina ɗaya, na ɗauka mai kaya ya fi ni sanin kayansa, don haka na bi katin sau da ƙafa. Kafin mako uku ganye biyu na ƙasa sun yi ɗorawa, na sama kuma rana ta ƙona shi. Da na zazzage tukunyar, wani wari ya buge ni kamar na jiƙon da ya kwana. Saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi. Na matsa guda ɗaya da yatsa, ɓawonta ya saɓule, abin da ya rage siririn zare ne kawai.

Wani abokina da ya karanci ilimin tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello ya duba, ya girgiza kai. Ashe wannan tsiro ba ruwansa da ƙasa ko kaɗan. A kan rassan bishiyoyi yake rayuwa, cikin inuwar kurmin Afirka ta Yamma, daga Senegal har Kamaru. Kuma ba irin kauci ba ne, wanda ke tsotsar ɗorawa ko kaɗanya. Shi maƙalewa kawai yake yi. Saiwarsa tana da wata farar riga mai kama da soso. In ruwan sama ko raɓa ya taɓa ta sai ta sha ta koma kore, daga nan iska ta busar da ita. Wanda ya turbuɗe ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shaƙe ta ke nan. Sannan ta wuri ɗaya tak yake tohowa, can tsakiyar ganyen, kuma ruwan yamman da kuka ce a zuba nan yake kwana cikin sanyi har wurin ya ruɓe. Yallaɓai, wa ya rubuta katin nan? Ya taɓa ganin okid a jikin itace kuwa?

Akwai kuma maganar lokaci. Kafin in biya sai da na tambayi ma'aikacinku ko zai yi a Zariya, ya ce ko'ina a Najeriya yana yi. Tsiron da ke son danshin iska ya haura kashi 60 cikin 100 kuka ɗoro wa mota a tsakiyar hunturu, lokacin da danshin garinmu kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓen mutum ma tsagewa yake yi. Da kun ce in jira Yuni damina ta zauna, da na jira. Ba wanda ya ce mini a jikin ɓawon itace ake ɗaure shi, ko a sa shi cikin gawayi da ɓawon kwakwa, balle a gaya mini ruwan sama ya fi masa na burtsatse.

Fararen furanninsa nake kwaɗayi, masu siffar tauraro da dogon jela a baya, waɗanda sai dare ya yi suke ƙamshi. Uwargida dai har yau tsiya take mini, wai na zuba kuɗin cefane a ganyen da ba ya shiga miya.

Saiwa biyu ce ta tsira. Na ɗaure shi da zare a jikin ɓawon mangwaro, na rataye a inuwa kusa da randa, ina yi masa feshi da safe kawai. Ko zai tashi, Allah masani.

Ku turo mini wani idan damina ta faɗi, a ɗaure a jikin itace, ko ku mayar mini da kuɗina. Katin nan kuma ku janye shi, don na tabbata ba kwalina kaɗai kuka saka wa ba. Rasiɗi da hotuna suna hannuna.

Naku,
Wani mai saye daga Samaru, Zariya.