Takaddamar Tekun Kudancin Sin da Hukuncin da Aka Yi Watsi da Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan takaddamar Tekun Kudancin Sin, wadda ake yawan ba da labarinta tamkar rigima ce a kan wasu duwatsu marasa amfani. Abin da ƙasashen da ke takaddamar, irin su Sin da Filifin, ke kwaɗayi shi ne ruwan da ke kewaye da tsibiran Spratly da Paracel, da kifin da ke cikinsa, da man da ake kyautata zaton yana ƙarƙashinsa, da kuma hanyar da jiragen dakon kaya suke bi.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokokin teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku mil 12 na ma'aunin teku daga gaɓarta a matsayin yankinta, da mil 200 da ita kaɗai take da ikon cin arzikinsu, sannan ta fayyace cewa dutsen da mutane ba za su iya rayuwa a kansa ba, ba ya jawo wa mai shi waɗannan mil 200. Da wannan hujja Filifin ta shigar da ƙara a kan Sin a 2013, kuma a ranar 12 ga Yulin 2016 kotun sasanci da ta zauna a birnin Hague ta yanke cewa layin nan mai ɗigo tara, wanda Sin ta zagaye mafi yawan tekun da shi a taswirarta, ba shi da tushe a doka. Sin ta amince da yarjejeniyar tun 1996, amma ta ƙaurace wa shari'ar, ta kuma yi fatali da hukuncin. Masuntan Filifin ne suke shan wahalar, domin tun 2012 jiragen tsaron gaɓar Sin suke iko da Scarborough, wani wurin kamun kifi da ke cikin tekun.

Amurka, wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan wannan batu, har yau majalisar dattawanta ba ta amince da yarjejeniyar ba, abin da yake rage wa maganarta nauyi matuƙa. Ita ma Kenya ta ƙi karɓar hukuncin Kotun Duniya na 2021 game da iyakar ruwanta da Somaliya.

Roƙona shi ne, duk lokacin da za ku kawo rahoton irin wannan rikici, ku riƙa sanar da masu karatu ƙasar da ta amince da yarjejeniyar, da wadda aka yanke wa hukunci ta ƙi bi.

Wassalam,
Wani mai karatunku