Amsa ga mai tambaya kan kolcisin da zuciyar mahaifinta

Assalamu alaikum, Malama.

A shirin lafiya na rediyo nan Jos kin ce kin ji labarin kolcisin, maganin ciwon gaɓoɓi, wai yana wargaza wasu siraran bututu da ke sa zuciya tauri. Kika tambaye ni ko ki saya wa Baba, wanda hawan jini ya kumbura wa zuciya. Kada ki saya. Sai dai labarin yana da tushe.

Bututun nan, maikurotubul, suna cikin kowace ƙwayar tsokar zuciya, kaurinsu nanomita 25 kacal (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), an gina su da furotin mai suna tubulin. A kansu ake jigilar kaya cikin ƙwayar. Kuma duk bugun da zuciya ta yi, kusan sau 100,000 a rana, sai sun lanƙwashe sun miƙe. Kamar shoka ce a mota: in ta yi daidai tafiya ta yi daɗi, in ta sandare kowane rami sai kin ji shi a ƙugu.

A 1993 George Cooper da abokan aikinsa a Amurka suka matse jijiyar jinin kyanwoyi har zuciyarsu ta kumbura. Suka tarar bututun sun yi yawa, ƙwayoyin sun kasa matsewa, da aka zuba musu kolcisin kuwa sai ƙarfinsu ya dawo. Daga nan zancen ya samo asali. A 2016 ayarin Benjamin Prosser na Jami'ar Fensilbaniya ya nuna ba yawan kaɗai ba ne: idan aka cire wa tubulin wani ɗan guntu mai suna tayirosin, bututun kan maƙale wa furotin desmin su yi tauri. A 2018 suka ga haka a ƙwayoyin zuciyar mutane masu gazawar zuciya, da suka rage irin waɗannan bututun ƙwayoyin suka fi saurin matsewa da saki.

To amma ki lura, a faranti aka yi wannan, a ɗakin gwaji. A jikin mutum kolcisin ba ya zaɓe. Ƙwayoyin hanji da na ɓargo da taimakon bututun nan suke rabuwa gida biyu su ƙaru, shi ya sa da ya ɗan zarce sai amai da zawo, jini ya ragu, wani ma ya rasa ransa. Mai hawan jinin da ya daɗe kuwa sau da yawa ƙodarsa ta taɓu, maganin sai ya taru a jiki. Likitocin zuciya kan bayar da shi, gaskiya ne, amma don kumburin jakar da ta lulluɓe zuciya ko na jijiyoyin jini, bisa awo.

Abin da ke sa bututun Baba yin yawa nauyin da zuciyarsa ke turawa ne. A rage gishiri da kanwa, ya sha maganinsa kullum ko ya ji sauƙi, in ƙafa ta kumbura ko ya kasa kwanciya sai da filo uku a kai shi asibiti ranar. Ki tafi da duk kwalayen maganinsa, har na kemis, likita ya gani.

Allah ya ba Baba lafiya.