Kira ga masu mota kan canjin man birki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu mota da direbobi da bakanikai a kan man birki, wanda a ganina ake yi wa riƙon sakainar kashi. Kusan kowane mai mota ya san lokacin juyen baƙin mai, amma da wuya ka gamu da wanda ya taɓa zubar da man birkinsa gaba ɗaya ya zuba sabo. Abin da aka saba shi ne a ɗaga bonet, a leƙa ɗan tankin, in man ya ragu a yi ciko, in bai ragu ba a ce lafiya lau.

Cikar tanki ba ta nuna lafiyar man da ke ciki. Mafi yawan man birki ana haɗa shi ne da sinadarin gilaikol, wanda ɗabi'arsa ce ya riƙa jan danshi daga iska sannu a hankali, ta kafar murfin tanki da kuma jikin bututun roba, ko da motar tana ajiye ba a hawanta. Gwargwadon yadda ruwa ya taru a ciki, haka man ke rasa juriyar zafi. Ƙa'idar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda daga sunanta aka samo haruffan DOT da ake gani a jikin kwalba, ta tanadi cewa kada sabon DOT 3 ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, DOT 4 kuma digiri 230, amma idan ruwan da ke cikinsu ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ake tsammani daga gare su shi ne digiri 140 da digiri 155 kacal.

Haɗarin wannan ragi yana bayyana ne a lokacin da aka fi buƙatar birkin, kamar sa'ad da mota ta ɗauko kaya tana saukowa doguwar gangara, direba kuma ya daɗe yana danne da birki. Zafin gogayya yakan isa ga man, ya tafasa, tururi ya taru a cikin bututu, shi kuwa tururi yana matsuwa, saɓanin mai, don haka sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa motar kuma ba ta tsaya ba. Abin takaicin shi ne da zarar man ya huce birkin yakan dawo kamar ba abin da ya faru, sai a ɗauka tsautsayi ne kawai, a ci gaba da tafiya da gurɓataccen mai. Ruwan nan dai shi ne ke haifar da tsatsa a cikin masta, wato famfon da ke tura man zuwa ƙafafun mota idan an taka birki, da sauran ƙarafan birki.

Game da zaɓi, babu buƙatar dogara da ra'ayin mai sayarwa, domin kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta irin man da ya dace a kan murfin tankin da kuma cikin littafin motar. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 duk dangi ɗaya ne, suna gauraya da juna, kuma motar da aka rubuta wa DOT 4 bai kamata a mayar da ita kan DOT 3 ba. Inda mutane ke ruɗewa shi ne DOT 5, wanda ake zaton ya fi DOT 4 saboda lambarsa ta fi girma, alhali shi da silikon aka yi shi, launinsa shunayya, ba ya gauraya da sauran, kuma galibi bai dace da motoci masu na'urar ABS ba, wato na'urar da ke hana ƙafafun mota kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Zuba man sitiyari ko man giya a tankin birki, wai don a lallaɓa zuwa gida, ya fi komai muni, domin yana kumbura robobin da ke riƙe ƙarfin birkin har su lalace. Haka nan kwalbar da aka fasa aka ajiye tsawon watanni ta riga ta sha danshi, saboda haka gara a sayi ƙarama a rufe.

Kamfanoni da dama suna ba da shawarar a canza man duk bayan shekara biyu, ko motar ta yi tafiya mai nisa ko ba ta yi ba. Canjin gaskiya kuwa shi ne a zuƙe tsohon man daga tanki, a zuba sabo, sannan a bi ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya ana buɗe ɗan noti na fitar da iska, yawanci daga wadda ta fi nisa da masta, har sai an ga mai tsabta yana fitowa babu kumfa. A duk tsawon aikin kada a bar tankin ya ƙare, in ba haka ba iska za ta shiga, wasu motocin masu ABS kuma sai an haɗa su da kwamfuta kafin ta fita. A kula kada man ya ɗiga a jikin mota, domin yana cin fenti.

Idan kuma man yana raguwa, to ko dai takalman birki sun cinye ko akwai yoyo, kuma ciko ba ya maganin ko ɗaya. Ina roƙon 'yan'uwa bakanikai da su riƙa duba waɗannan biyun kafin su miƙa hannu ga kwalba, su kuma riƙa rubuta ranar da suka yi canjin su manna a kusa da tankin, yadda suke yi wa baƙin mai.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu