A sa hanyar keken guragu cikin lissafi tun daga tushen gini

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Mu magina ne da masu gyaran keken guragu a Wad Madani. Muna neman fili a jaridarka domin mu ja hankalin 'yan'uwa da ke gyaran masallatai, makarantu, shaguna da ƙananan asibitoci a Jazira, Sinnar da Khartum. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya bar mana bayin Allah da dama da aka yanke wa ƙafa, wasu harsashi ya taɓa musu laka, wasu sun rasa ido. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2009, ta yi dokarsu a 2017, amma doka ba ta riƙe cokalin gini. Abin da magini ya zuba yau shi za a taka shekara da shekaru.

Babban abin da ke ɓaci shi ne gangara, wato hanyar da keken ke bi ya hau zuwa ƙofa. Ƙa'idarta: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Idan dokin ƙofar masallaci ya fi ƙasa tsayi da santimita 30, gangarar sai ta kai mita 3.6. Abin da muke gani shi ne a zuba mita ɗaya a ce an gama. Mai keke ya tunkaro, ƙafafun gaba su ɗaga, nauyinsa ya koma baya, ya faɗi ta ƙeya. In saukowa ne, ƙarfen tayar ya goge masa tafin hannu, keken ya kwashe shi har cikin titi. Inda fili bai isa ba, a kwantar da gangarar a jikin bango ta lanƙwaso, kada a rage tsawonta.

Faɗinta ya kai santimita 120. A sama, gaban ƙofa, a bar shimfiɗaɗɗen wuri na santimita 150 kowane ɓangare, domin ba wanda zai iya buɗe ƙofa yana riƙe da keke a kan gangara. A gefe a ɗaga baki na santimita 10 don kada taya ta zame, a sa marikin hannu dama da hagu a tsayin santimita 90. Bututun ƙarfe tsirara ba ya taɓuwa da azahar a zafin ƙasar nan, sai a yi na katako ko a lulluɓe shi.

Don Allah a daina sa tayil mai sheƙi. Ruwan alwala kaɗan ya isa ya zame da robar ƙasan sanda. Kankare ya fi, a ja masa tsintsiya a gicciye tun yana ɗanye.

Sai matsalar baƙar ƙasarmu ta Jazira da Gadarif, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Gangarar da aka zuba kai tsaye a kanta takan rabu da gini, ta bar tsaga ko tudu a bakin ƙofa, kuma tudun santimita 3 ya isa ya tsayar da ƙaramar tayar gaba cak. Maganinsa a kwashe ƙasar sama, a cika da tsakuwa a daddaɓe sosai, a shimfiɗa ragar rodi, a zuba kankare mai kaurin santimita 10 aƙalla, a yi ta ba shi ruwa har mako guda.

Magudanan ruwan damina da ke buɗe a gaban shaguna su ne tarkon makafi. A rufe su da murfi daidai da ƙasa. In ragar ƙarfe ce, ramukanta kada su wuce milimita 13, in ba haka ba bakin sanda zai faɗa. Masu shayi da masu raksha (babur mai ƙafa uku) su bar gefen bango, domin shi makaho ke bi da sandarsa.

Banɗaki kuwa, ƙofarsa ta kai santimita 90 kuma ta buɗo waje. In ta buɗa ciki mutum ya faɗi a bayanta, sai an ɓalle ta kafin a kai gare shi. A sa masai na zama ko da ɗaya ne, da mariki a bango, domin mai ƙafa ɗaya ba ya iya tsuguno.

Roƙonmu ga limamai, masu unguwanni da kwamitocin gyara shi ne, kafin a sayi siminti a ja igiya a fitar da tsawon gangarar a ƙasa, a kira mai keke da makaho na unguwar su duba, sannan a haƙa.

Wassalam.

Wasu magina da masu gyaran keken guragu,
Wad Madani, Sudan