Ƙorafi kan dariyar da aka yi wa sunaye a shirin wasanni na daren Asabar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, na rubuto ne a kan abin da mai sharhinku ya yi a daren Asabar, kuma na tabbata ka san wanda nake nufi, domin ni har yanzu dariyarsa ba ta fita daga kunnena ba. Shekara 27 na yi ina koyar da motsa jiki a kwalejojin Damagaram kafin in yi ritaya, ina shimfiɗa wa yara tabarma a kan yashi su koyi adungure da alkafura da tsayuwa a kan hannu, saboda haka da aka sanar za ku maimaita wasan jimnastik na Olamfik ɗin Paris cikin harshen Hausa, sai na tara jikokina tun bayan sallar isha'i, na ce su zo su ga inda aikin kakansu yake kaiwa idan an samu kayan aiki. Da na san abin da za su ji, da na kashe sautin na yi musu bayanin da bakina.

Sa'ad da aka nuna tsallen da ake kira Tsukahara, mutumin nan ya yi tuntuɓe a kan sunan sau biyu, sannan ya ce shi dai “sukari” zai kira shi, ya bushe da dariya, abokin zamansa yana taya shi. Ranka ya daɗe, Tsukahara sunan mutum ne. Mitsuo Tsukahara ɗan Japan ne ya fito da wannan tsalle a 1970, inda ake juya jiki kafin a dafa teburin tsalle da hannu biyu, daga nan a yi alkafura ta baya. Al'adar wannan wasa ke nan: wanda ya fara yin wani salo cikin nasara a babbar gasa, sai a rubuta salon da sunansa a littafin dokoki, ya zama gadon da ya bari. Tsallen Yurcenko da mai sharhin ya mayar “Yorsanko” sunan Nataliya Yurcenko ne ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wadda ta fara hawa teburin da baya a 1982, kuma a kan tsallenta ne Simone Biles ta Amurka ta gina nata, ta ƙara alkafura biyu jiki a naɗe, ƙafafu a miƙe. Ita Biles ɗin salo biyar ne ke ɗauke da sunanta. Duk wannan bai faɗi ko ɗaya ba, abin da muka yi ta ji kawai shi ne “ta yi tsalle, ta sake yin tsalle, kai, ta dira!” kamar makafi yake yi wa bayani.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bakin Bahaushe ya fi na Bafaranshe iya waɗannan sunaye, amma shi sai ya ari lafazin masu sharhin Faransa, sannan ya ƙara lalata shi. Muna da “tsa” a tsamiya, muna da “ha” a hatsi, to me ya yi wuya a Tsukahara? Bafaranshe ne ke haɗiye “ha” domin harshensa ba ya furta ta. Muna da “ca” a caca, wadda ita ce ainihin sautin da ke cikin Yurcenko da Komaneci, har ma idan ɗan firamare ya karanta sunan Nadiya Komaneci, gwanar jimnastik ta Romaniya, da ƙa'idar rubutun Hausa, ya fi kusa da yadda mutanen Romaniya ke faɗinsa fiye da “Komanesi” da muka ji a daren nan. Aikin minti goma ne mutum ya rubuta sunayen a takarda yadda ake furta su kafin a kunna masa makirfo. A lokacin gasar kokawa ta takobi ban taɓa jin mai sharhi ya kuskure sunan ɗan kokawa ba, balle ya mayar da shi abin raha, har kirarin kowa da garinsu yakan kawo, domin ya san idan ya yi wasa da sunan gwanin wata jiha, kafin gari ya waye an cika muku waya da zagi. Don Japan tana da nisa ne ya ga ba mai binsa bashi?

Daga nan aka zo kan Kaylia Nemour ta Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, yarinya ƴar shekara 17 da ta ci zinare a wasan sanduna biyu ranar 4 ga Agusta 2024, lambar Olamfik ta farko da wata ƙasar Afirka ta taɓa samu a jimnastik. Da makinta ya fito, 15.700, sai ya ce wai sha biyar ne da ɗoriya bisa ashirin, wai “ta yi ƙoƙari”, kamar takardar jarrabawa yake gyarawa. Babbar jikata ta juyo ta ce, “Kaka, ashe da sha biyar ma ana cin zinare?” Sai da na rage sautin na yi mata bayani cewa tun 2006 aka daina tsarin maki goma cif da Komaneci ta samu a Montreal a 1976, kuma yanzu maki biyu ake haɗawa, na wahalar salon da aka zaɓa, wanda ba shi da iyaka, da na tsabtar aiki, wanda ake farawa daga goma ana zaftarewa a kan kowane kuskure. Nemour ta samu 7.2 a na farko da 8.5 a na biyu. Ƴar Sin da ta zo ta biyu da 15.500 kuwa ko sunanta bai gwada ba, “ƴar Cana” kawai ya yi ta kiranta har aka sauke tuta.

Washegari da safe na iske yaran unguwa suna alkafura a kan tarin yashin ginin maƙwabcina, suna ihun “sukari, sukari”. Ina roƙon a sa mai sharhin ya gyara sunayen nan da bakinsa a shiri na gaba, a gaban waɗanda suka ji shi yana dariya.

Sannan lambar wayar da kuke rubutawa a ƙasan allo domin masu kallo, wane ne yake riƙe da ita? A daren nan na kira ya fi sau goma, sau biyu aka ɗauka aka bar ni ina sauraron kiɗa, har katin jaka ɗaya da na saka ya ƙare ban yi magana da kowa ba, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Naku,
Tsohon malamin motsa jiki,
Unguwar Birni, Damagaram